Zanen da Ke Jikin Jan Bango

Kwana biyar ke nan Dinah ba ta ci abinci ya zauna mata ba, duk saboda bangon falo. Ranar Asabar dangin saurayin ɗiyarta Leah za su taso daga Danko su zo gaisuwar iyaye. Ga shi yau Alhamis, bango kuma ya ƙi.

Leah ce ta ga jan falo a waya ta nace, ta kuma koma makaranta ta bar uwar da aiki. Dinah ta kira Yusha'u mai fenti daga Rikoto. Aka kwashe kujeru da tebur da kabad aka jibge a tsakar gida, kayan da shekara ashirin ba su gusa daga inda suke ba. Mijinta Philemon, tsohon saje, shi kaɗai ya yi gunaguni.

"A bar mini kujerun nan inda suke mana, Maman Leah."

Ta ce fenti zai ɗiga a kansu. Sai ya shige ɗaki da rediyonsa.

Yusha'u ya san aikinsa. Sai da ya fara shafa wa bangon fenti ruwan toka, ya bari ya bushe. "Ja ba ya rufa asiri, Mama," in ji shi. "Duk abin da ke ƙasa sai ya nuna." Sannan ya ɗauko jan, fentin mai ne mai jinkirin bushewa, yana jan rola daga sama zuwa ƙasa ba tsayawa, don kada gefe ya bushe ya bar gaɓa.

Bango uku suka fito sumul kamar nunannen tumatir. Na huɗun ne matsala, wanda ya tashi daga ƙofar ɗakin kwana zuwa ƙofar tsakar gida. Da Dinah ta dawo daga kasuwa da yamma, sai ga wani dogon zane a jikinsa, daidai ƙirji, ruwan tokar yana leƙowa kamar an ja tsintsiya.

Ta ce rola ce. Aka sayo sabuwa, aka sake shafi. Zane ya dawo. Ta ce fentin ne jabu. Aka canjo gwangwani. Zane ya dawo, a wurinsa, bai hau ba bai sauka ba.

"Kai Yusha'u, faɗa mini gaskiya. Kananzir kake cika masa?"

"Wallahi Mama, lafiya lau nake barin wanga bango. Bayan na tafi ake taɓa shi."

"Wa zai taɓa? Mu biyu ne a gidan nan! Ko akuya ce ta yi tsani?"

Ta gaya masa gobe ce ta ƙarshe. In zanen ya sake fitowa, za ta nemo wani mai fenti, kuma duk matan zumuntar coci sai sun ji. Yusha'u ya sunkuyar da kai, don rabin gidajen da yake wa aiki na matan nan ne.

Amma hankalinta bai kwanta ba. Ta shiga falo ta fita, ta sake shiga. Ta duba ko danshi ne, bango a bushe. Wata a zumunta ta raɗa mata cewa irin wannan ba ya rasa hannun maƙiya, wataƙila akwai wanda ba ya son auren. Surukai su zo su tarar da falo kamar an yi masa tsaga a fuska? A ce gidan da ɗansu zai ɗauko mata ke nan?

Ta kira mijinta ya zo ya duba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a aljihu.

"Ya yi kyau ai."

Haushi ya kama ta. Mutumin nan tun Ista ya zama wani iri. Ya jingine mashin ɗinsa, wai mai ya yi tsada. A coci sai ya miƙo mata Littafi, wai muryarta ta fi daɗi. Kwanan nan kuma warin kananzir yake yi, wai risho yake gyarawa, rishon da rabonta da kunna shi tun bara.

Ranar Juma'a Yusha'u ya yi shafi na huɗu tun da safe, ya wanke rola ya wuce masallaci. Dinah ta ɗaga murya ta ce ta tafi kasuwa, ta buga ƙofar gida da ƙarfi. Sai ta cire takalmi ta lallaɓo, ta zauna a kan 'yar kujera a tsakiyar falo, muciya a cinya. Ko mutum ne ko aljan, yau sai ta ga mai ɓata mata bango.

Tagogi a buɗe, rana ta cika falon, ja yana ƙyalli. Warin fenti ya sa mata ciwon kai. Awa guda, ba kowa. Ƙafarta ta yi sanyi, ba ta motsa ba.

Sai rediyo ya yi shiru. Ƙofar ɗakin kwana ta buɗe, Philemon ya fito. Ya juyo da fuskarsa saitin inda take, taku uku tsakaninsu, idanunsa a buɗe tar. Ta buɗe baki za ta yi masa bayanin zamanta a nan.

"Maman Leah?" ya kira a hankali, ya karkata kai yana saurare. "To, ta fita."

Ya miƙa hannu yana laluben inda doguwar kujera take a da, ya sami iska. Sai ya ɗora yatsunsa huɗu a kan ɗanyen fentin, daidai ƙirji, ya bi bango yana ƙirga taku ƙasa-ƙasa, ya wuce ta gaban matarsa da rana tsaka bai gan ta ba.