Kujerar Auta

Inna ta ƙwace wayoyin Auta ta jefa su cikin kwandon wanki, ta ɗora ƙafa a kan murfin.

"Sai ka gama lissafin nan," ta ce. "Ka tura bakin har ya taɓo bango, ba abin da ya dame ni."

Auta ya ƙara turo shi. Shi ne ɗanta na ƙarshe, kowa a gidan ya san ba ta iya ganin ɓacin ransa, amma tun da maganar jarrabawa ta taso Inna ta zama wata iri. An lulluɓe talabijin da zanen gado. Abokansa masu cika ƙofar gida tun da sassafe, ta taga take leƙowa ta kore su kamar kaji. "Yana karatu! Ai ku kuka lalata shi."

Sabuwar doka ce ta jawo duk wannan. A can wurinsu Shugaba ya sanar cewa duk wanda bai kawo shaidar cin jarrabawar nan ba, zai tashi ya bar wa wani kujerarsa. Kujerar Auta kuwa a sahun gaba take, kusa da taga, kuma da gumi ya same ta.

Abokan zamansa yawanci 'ya'yan likitoci ne da manyan malamai, masu Turanci ta hanci. Shi kuwa karatunsa ya taɓa tsinkewa lokacin da babansu ya rasu, ya koma tsaron shago. In ya miƙe zai yi magana, na baya su yi ta tafi, na gaba su yi ta ƙirga kurakuransa suna taɓa juna. Wanda ake kira Ɗan Farfesa shi ya fi kowa murna da dokar. Kalma ɗaya ce a bakinsa, cancanta, yana tauna ta kamar cingam.

"Cancanta!" in ji Inna da labari ya iso mata. "Wanda ya yi rarrafe a cikin littattafai da wanda ya yi rarrafe a cikin buhuna, a ce su tashi tsere daga layi ɗaya? To, za mu yi tseren."

Aka ɗauko malamin lissafi, wani siriri mai ladabi da yawa. Ba ya zama sai Auta ya zauna. In Auta ya kuskure, sai Malam ya yi tari, ya ce wataƙila littafin ne bai fito da tambayar sosai ba.

"Malam, doke shi," Inna ta ce daga bakin ƙofa, tana miƙo masa muciya. "Na ba ka wuƙa da nama."

Malam ya share gumi ya ce in sha Allahu ba za a kai ga haka ba.

Matsalar Auta haruffa ne. Ba ya ganin dalilin da za a cusa su cikin lissafi. Da ya ga x sai kansa ya ɗau zafi. Ranar da Malam ya gaji ya goge x ɗin ya rubuta "buhu" a wurin, Auta ya ba da amsa kafin a rufe baki. Daga nan duk x ta zama buhu, y ta zama kwali. Yaya, babbar 'yar Inna, in za ta wuce sai ta ranƙwashi teburin ta ce, "Autan Inna, yau buhu nawa aka sauke?"

Ranar jarrabawa ta zo. Inna ta dafa masa shayi, ta feƙe fensira da kanta, ta ce sai ta raka shi. Da ƙyar Yaya ta hana ta.

Yana shiga zauren kawuna suka juyo. Bencin ya matse shi, gwiwoyinsa suna dukan ƙasan tebur. Ya yi ta sauke buhuna da kwalaye lafiya, har ya iso tambayar da ta zo da wani harafin da bai taɓa haɗuwa da shi ba. Ya juya takarda. Ya juyo ta. Agogon bango yana ta gudu.

Mai tsaron jarrabawa ta zo ta tsaya a kansa, ta duba hagu da dama, ta sunkuya. "Ko a ɗan taimaka?"

Yawu ya tsinke masa. Kalma ɗaya, kujera ta tsira. Sai ya hango fuskar Ɗan Farfesa ranar da zancen zai fita, yana gyara tabarau yana cewa ai dama ya faɗa. Ya kuma hango Inna, wadda take jin warin ƙarya tun daga ƙofar gida.

"A'a, na gode," ya ce. Ya sa wa harafin suna gwangwani, ya ci gaba.

Da sakamako ya fito, Malam ne ya shigo da gudu takalmi a hannu. An ci. Lissafin da ƙyar ya tsallake, amma ya tsallake. Auta ya daka tsalle a tsakar gida, ya taka rawa, ya juya, sai ƙugu ya riƙe shi ya tsaya a karkace yana kiran Inna.

"Maganinka ke nan," ta ce tana murza masa wurin, idonta cike da hawaye. "Yaro ba ya jin magana."

Direba ya leƙo daga ƙofa, ya cire hula ya rusuna. "Ranka ya daɗe, Honarabul, jikokinka sun cika motar wai sai sun raka ka, ga shi majalisa ta kusa zama."