Ranar Cire Ƙarfen Wuya

Ranar da kotu ta ce gwamnati ba ta da ikon ɗaure bakin jama'a, duk garin ya yi layi a maƙerar Jatau. Kowa yana so a cire masa ƙarfen wuya, wanda ke shaƙe mutum in ya soki hukuma.

Inna Kuluwa ce ta fara zama. Shekara da shekaru tana haɗiye magana ɗaya.

"Inna, kada ki motsa," in ji Jatau.

"Kai dai yanke, ɗan nan. Ji hannunka na rawa kamar na ɓarawon akuya!"

Ƙarfen ya faɗi. Ta shafa wuyanta, ta miƙe, ta dubi wani jami'in gwamnati da ke tsaye a gefe.

"Ruwan famfonku ne ya kashe mijina. Ƙazamai!"

Ba abin da ya shaƙe ta. Sai guɗa ta kaure, Jatau yana dukan uwar maƙera kamar ganga. Daidai ke nan. Gwamnatin da ke tsoron bakin tsohuwa ta ji kunya.

Jami'in ma ya yi murmushi. Ya ɗauki ƙarfen, ya goge, ya shafa masa mai don kada ya yi tsatsa.