Taragon da Ba Ya Yankuwa

Tun da aka kafa dokar zazzaɓi, duk taragon da na'ura ta ji zafin jiki a cikinsa, yanke shi ake yi a bar shi a daji da mutanensa. Ranar da zan kai Goggo Uwani asibiti Kano, jikinta kamar garwashi, na dage sai sabon jirgi.

"Ke da tsirfa, Hansatu," in ji ta. "Tsohon ya fi wurin miƙe ƙafa."

A hanya muka wuce wani yankakken tarago, an yi shanya a tagoginsa. Can sai fitilar na'urar taragonmu ta yi ja, jirgi ya tsaya, jami'i ya shigo.

"Tarago na biyar, za a yanke ku."

Na ce, "Yallaɓai, na karanta cewa a sabon jirgin nan, ƙafafun da ke ɗauke da mu, su ke ɗauke da na huɗu da na shida. In an cire mu, su ma sun durƙusa."

Ya sauka ya leƙa ƙarƙashin taragon, ya daɗe. Wata mata daga na shida ta ce, "Malam, abinci na bari a wuta, mu tafi."

Jirgi ya motsa. Goggo ta matse hannuna. "Ashe karance-karancen nan naki suna da rana."