Lallen Inna Tabawa

Tun da aka kawo na'urar duba tafin hannu, kotun baƙi ta daina sauraron bakin kowa. Duk wadda ta ce safararta aka yi, sai ta ɗora hannu a kan gilashi, na'ura ta duba kaushi da tabon ƙuna. In ta ga alamar bauta, a ba ta takardar zama. In ba ta gani ba, a mayar da ita gida, inda dillalin da ya sayar da ita yake.

Ranar shari'ar Kuluwa, Lauya Sa'adatu ta zo ɗaukarta a gidan Inna Tabawa, tsohuwar da ta ɓoye ta tun da ta gudo daga aikatau. Kuluwa ta fito, hannuwanta jawur da lalle.

Lauya ta ce, "Inna, wa ya sa mata wannan?"

"Ni ce, 'yar nan. Yarinya ta tsaya gaban alƙali da hannu duk faso, a ce ba ta da kowa? Tun zuwanta nake shafa mata man kaɗe."

Lauya ta kama hannun ta juya shi, ta ji laushi.

"Na'urar ba ta gani ta cikin lalle. Zan roƙi a ɗage zaman, amma kafin ya goge, ɗan tabon da ya rage ma ya ɓace."

Kuluwa ta daɗe tana kallon tafinta.

"Anti, in na koma gidan matar da na yi wa aikatau na yi mata wankin wata guda, hannun zai dawo?"