Rabin Awar Shiru

Ƙarfe biyun rana, injinan ɗakin sanyinmu na ajiye kifi suka tsaya cak. Yarjejeniyar da na ƙulla da kamfanin lantarki ke nan: idan wuta ta yi wa gari kaɗan, na'ura ta kashe su na rabin awa.

Yayana ya tsani tsarin. "In kifin nan ya ruɓe, ke za ki cinye shi," ya ce da safe. Tun lokacin ban ƙara ganinsa ba.

Wurin ya yi tsit. Mai gadi ya kasa kunne.

"Hajiya, kin ji?"

Wani na ƙwanƙwasawa a hankali, daga cikin ɗakin sanyi.

Muka buɗe. Yaya ne a ƙasa, jikinsa ya sandare don sanyi. Ƙofa ce ta rufe da shi, awa huɗu ƙarar inji na danne ihunsa.

A hannunsa filaya ce. Wayar na'urar ya shiga yankewa.