Ranar da Simon Zai Ga Ganga Bakwai

Ƙarfe goma sha ɗaya ta gota ba a gama lodin doya ba. Simon na tsaye jikin motarsa a kasuwar Abaji, yana duba agogo yana tsaki. Ƙarfe huɗu za a fara wasa a Garki, ga shi sai ya sauke kaya a Zuba, ya biya Kubwa ya yi wanka tukuna.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana jin waƙoƙin Ganga Bakwai, bai taɓa ganinsu ido da ido ba. Makaɗan Jos ne, masu jita da ganguna, da mawaƙiyarsu Prudence, wadda muryarta ke sa shi yin shiru ko a tsakiyar faɗa. Da waƙarsu aka yi rawa ranar aurensa da Christina. Sau biyu suna shirin zuwa Jos kallonsu. Na farko rikici ya tashi aka rufe hanya. Na biyu Christina ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Daga baya ƙungiyar ta watse.

Yanzu sun sake haɗuwa don wasan ban kwana a Abuja. 'Yarsa Mabel, mai aikin jinya, ita ta saya masa tikiti a layi na uku. Tun sati uku ya kai ɗinki, ya yi aski, ya ishi abokansa direbobi da zancen. Ya roƙi ogansa hutun Asabar, oga ya ce ya kai doya tukuna, in ya so ya je ya yi ta rawa har Lahadi.

Sai sha biyu da rabi aka ɗaure tamfol. Ya hau titi, ya sauke gilasai, ya ƙure muryar Prudence.

Gaba kaɗan da gari ana gyaran hanya, an haɗe masu zuwa da masu tafiya a hannu ɗaya. Wata tsohuwar farar bas ta tare masa gaba, kaya jibge a samanta, tana tafiya kamar an sa ta dole. Ya yi hon, ya kunna mata fitila, ba ta matsa ba. A kan wani hawa ya gaji, ya fita ya taka wuta. Yana daidai da ita sai hannun wata mace ya fito ta taga, yatsu biyar a buɗe.

"Ni kike wa daƙuwa? Ke ma haka!" in ji Simon.

Tankar mai ta ɓullo daga saman hawan. Ya karkato da sauri ya koma hannunsa, ya ji wani ɗan gif a baya. Gefen tamfol ya rufe madubi. Doya ce ta motsa, ya ce a ransa, ya ci gaba.

A Gwagwalada masu duba takardu suka riƙe shi minti ashirin. A Tungan Maje ya tarar da cunkoso. A Zuba shi da kansa ya kama saukewa tare da 'yan dako, gumi na zuba. Mabel ta kira shi yana ɗaure takalmi a gida.

"Baba, ka kama hanya? Ka ɗauko mini hoton Prudence, don Allah."

"Har hannu zan ba ta," ya ce.

Huɗu da rabi ya shiga zauren yana haki. Ba a fara ba. Ya zauna, ya yi wa Allah godiya. Mutane sun cika maƙil, akasarinsu masu furfura irinsa, wasu riƙe da tsofaffin kaset don a sa musu hannu.

Biyar ta yi. Shida ta yi. Dandalin babu kowa sai sandunan makirufo. Na kusa da shi ya ce hanyar Akwanga ce, daga Jos ba a shigowa da wuri ranar Asabar. Simon ya yi dariya, ya ce bayan shekara ashirin da biyu, awa biyu ba komai ba ne.

Can sai mai shirya taron ya fito shi kaɗai, wayarsa a hannu. Ya matsa gaban makirufo. Ya ce motar Ganga Bakwai ta faɗa rami a hanya. Mutum huɗu sun rasu nan take, har da Prudence.

Zauren ya ɗauki kuka. Simon ya dafe kai, hawaye na sauka a kan sabuwar rigarsa. Rabonsa da irin wannan kuka tun jana'izar Christina. Ya ji kamar ya kama wanda ya jawo abin ya shaƙe shi.

Wani ya ɗaga murya daga baya: "Garin yaya? A ina?"

"Jiya sun yi wasan biki a Lokoja, yau suka taso," in ji mai shirya taron. "Mai gangarsu ya tsira. Ya ce wata motar doya ce ta goge su bayan Abaji. Direban ya zo wuce su yana jin waƙarsu, har Prudence ta ɗaga masa hannu."