Kumatun Inna

Tun da aka hana takarda da gawayi a jami'a, 'yan ajin farko suke koyon zane a kan allon gilashi mai gyara wa hannu kuskure. Yau an ce kowa ya zana fuskar da ya fi sani.

Kuluwa ta zana mahaifiyarta da ta rasu bara. Ta fitar da goshi da leɓe, sannan ta ja zanen Gobirci daga gefen baki zuwa kunne. Allon ya yi walƙiya, kumatun suka koma sumul. Ta sake ja, ya sake shafewa.

"Malam, yana cinye min zanen Inna."

Malam Nomau ya leƙo. Shi ma Bagobiri ne, amma sai da aka shafe nasa a asibiti kafin a bar shi ya ci gaba da koyarwa.

"Tabo yake ɗaukarsa. Bar shi haka, za ki ci jarrabawa."

"Hotunanta ma duk an gyara su. Malam, ta ina zanen yake lanƙwasawa? Na fara mantawa."

Ya kai yatsa kuncinsa zai nuna mata, ya yi ta lalube. Can ya sauke hannu, ya wuce teburi na gaba.